Ziyara da yawon ganin daji: wanne ne ba ya cinye wurin da aka je gani?

Malamin Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya, nan cikin garin Maraɗi, kuma da marece ina taimakawa a wata Islamiyya. Kowace shekara, idan hutu ya ƙarato, mukan haɗa ɗan abin da iyaye suka iya bayarwa mu fita da manyan ɗalibai, domin su ga wani abu ban da allo da bangon aji. Bara mun je Madarunfa, muka yi sallama ga kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin, sannan muka zauna a inuwa muka ci abincin da muka taho da shi.

Abin da ya sa na kawo wannan tambaya ya faru ne daf da tashinmu. Wani dattijo masunci ya fito da komarsa bakin ruwa, ya durƙusa yana tsince ledojin ruwan sha da iska ta kwasa daga wurin zamanmu ta jefa a tafki. Bai yi mana faɗa ba. Ya ɗaga guda ɗaya kawai ya ce da ni: "Malam, waɗannan za ku koma da su, ko tsarabar da kuka kawo mana ke nan?" Ɗalibai suka yi dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, domin ban daɗe da gama yi musu nasiha a kan ladabin ziyara ba.

Kwanan nan na ji ana bayani a rediyo cewa ziyarar wuraren addini da yawon ganin daji da namun dawa su ne irin tafiyar da ake kira mai ɗorewa, wato wadda ba ta lalata wuri kuma tana amfanar masu wurin. Tun daga ranar nake auna wannan magana da abin da idona ya gani, kuma na kasa daidaita su. Shin tsarkin niyyar mai ziyara, ko son da mutum yake yi wa tsuntsaye da itatuwa, ya isa ya sa tafiyarsa ta zama marar ɓarna? Idan bai isa ba, mene ne ya rage? Bana ra'ayin malamanmu ya rabu biyu: wasu suna son a kai yara nesa, wasu suna son a koma Madarunfa. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani.

Almajirin Limanci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri da ka faɗi laifinka da bakinka, domin ba kowa yake iyawa ba.

Zan fara da abin da na san za a tayar ko ban tayar ba. Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ba a ɗaura sirdin tafiya sai zuwa masallatai uku: na Makka, na Madina da na Ƙudus. Akwai kuma wanda Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da izinin ziyartar kaburbura bayan da ya hana. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan yadda za a haɗa waɗannan biyun idan tafiyar mai nisa ce, kuma a garin nan kowane ɓangare yana da masallatansa da manyansa. Ba ni ne zan raba wannan gardama a nan ba. Abin da nake so a lura da shi shi ne, duk ɓangarorin biyu ba su taɓa saɓani a kan ƙazanta, almubazzaranci da cutar da maƙwabci ba.

Idan aka duba da kyau, babbar tafiyar ibadarmu ita kanta horo ce a kan kame hannu. A haramin Makka ba a sare itace, ba a korar dabbar farauta. Wanda ya ɗaura harama ba ya farauta ko da a wajen haramin yake. Madina ma tana da nata haramin, tsakanin dutsen Airu da dutsen Sauru. Ban da wannan akwai hima, wato filin da shugaba yake keɓewa domin amfanin jama'a, kamar Naƙi'u da aka keɓe wa dawakin Musulmi tun zamanin Annabi, da Rabaza a zamanin Sayyidina Umar. Saboda haka gandun daji ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun same shi a littattafan fiƙihu kafin mu same shi a takardun hukuma.

Amma amsar tambayarka ita ce a'a, niyya kaɗai ba ta isa ba, kuma hujjata tana Mina. Shekaru da dama alhazai suna yanka hadaya da kyakkyawar niyya, naman yana yawa har ya fi ƙarfin masu ci, a binne wani, wani ya ruɓe. Ba wa'azi ne ya gyara wannan ba. A 1983 aka ɗora wa Bankin Musulunci na raya ƙasashe aikin yanka da adanawa da rarraba naman ga mabukata a ƙasashe daban-daban, sai abin da yake zama annoba ya koma sadaka. Niyyar alhazai ba ta canza ba, tsari ne ya shigo. Haka jirgin ƙasa da ya fara jigila tsakanin Mina, Muzdalifa da Arfa a 2010 ya rage cunkoson motoci da hayaƙinsu. Duk da haka, a hajjin 2024, wanda mutum wajen miliyan 1.8 suka halarta, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a cikin tsananin zafi, mafi yawansu waɗanda suka je ba ta hanyar da aka tsara ba, ba su da tanti, ba su da mota. Idan wurin da ya fi ko'ina daraja da kuɗi yana fama da yawan jama'a haka, to ƙaramin gari a bakin tafki ba zai tsira don baƙinsa suna riƙe da carbi ba.

Shawarata ita ce ka koya wa yaran cewa kwashe ledar yana cikin ziyarar, ba aikin bayan ziyara ba ne. Kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma wannan kowa ya haddace shi tun yana ƙarami.

Tsohon Ɗan Gandun Daji ya amsa:

Gaisuwa ga Malam mai tambaya da Allah gafarta Malam na Limanci. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, don haka ni ta ɓangaren dawa zan shigo, kuma ku yi haƙuri idan na tsawaita.

Misalin da ake yawan bugun ƙirji da shi a ƙasarmu shi ne na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke rayuwa, ba a cikin shinge ba, a tsakiyar gonakin mutane. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Bayan shekara ashirin da ƴan kai sun haura 600. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka doka ce kawai ta yi aiki, alhali raƙumin dawa yana shiga gona ya ci wake, yana miƙa wuya ya ci mangwaro, kuma manomin da aka yi wa haka ba ya tuna doka. Abin da ya sa aka haƙura da shi shi ne an ga amfaninsa: samarin ƙauyukan sun zama ƴan rakiya suna samun na cefane, ƙungiyoyi sun haƙa rijiyoyi, sun ba mata ƙananan rance. Dabba ta zama kamar saniyar tatsa ta gari, sai gari ya tsare ta.

To, ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban ƴan rakiya. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. Raƙuman suna nan, cin wakensu bai tsaya ba, amma abin da ake ba manomi haƙuri da shi ya ragu ƙwarai. Gandun namun dawa na W, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, shi ma rashin tsaro ya raba shi da masu zuwa kallo. Agadas, da ta shiga wannan jeri a 2013 da dogon hasumiyar masallacinta ta laka, ta ɗanɗana irin wannan tun kafin nan. Abin da na koya daga duk wannan shi ne, yawon ganin daji da ya dogara ga baƙon da zai hau jirgi daga Turai kamar noman da ya dogara ga ruwan sama ɗaya ne. Ina ganin bai cancanci a kira shi mai ɗorewa ba, komai kyawun takardun da aka rubuta a kansa.

A nan ne mai ziyara ya fi mai kyamara. Shi ba ya sauraron gargaɗin ofishin jakadanci, ba ya bukatar otal mai sanyi, kuma zai dawo baɗi. Matsalarsa ɗaya, yana zuwa da yawa a rana ɗaya, kuma ba ya ɗaukar kansa a matsayin wanda zai biya wani abu.

Mu a jihar Maraɗi Allah Ya haɗa mana biyun a wuri ɗaya. Tun 2006 Nijar ta sa dajin Madarunfa da tafkin da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, kuma a 2019 tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi. Sai dai takarda ba ta tare yashi. Duk itacen da aka sare a gangare, damina za ta kwaso ƙasarsa ta zuba a tafki, zurfi ya ragu, kifi ya ragu, tsuntsayen da suke sauka lokacin sanyi su nemi wani wuri. Ruwan Gulbin Maraɗi kansa daga Najeriya yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya ba mu kaɗai ke da iko da shi ba. Na lura da abu ɗaya a shekarun aikina: itacen da ke kan kabari ya fi wanda na buga wa lamba daɗewa. Tarar da nake ci mutum yana iya biya ya sake sara, amma kunyar kabari ba ta da farashi. Wannan kwarjini dukiya ce ta kare muhalli, kuma mu ma'aikata mun daɗe muna raina ta.

A arewa muna da Gadabeji a yankin Dakwaro, gandun da aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta dubu 76, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga Kure a 2018 bayan kusan shekara hamsin babu su a can. Wuri ne da ya cancanci ɗan Maraɗi ya gani, amma yana da nisa ga ɗalibai, kuma sai an nemi izini da rakiyar ma'aikata. Dajin Babban Rafi kuwa, wanda giwaye suke shigowa a da, ba zan ba kowa shawarar kai yara can a halin tsaron da ake ciki ba.

Bari in ƙara abin da ya fi ba ni sha'awa, ko da za a ce na kauce. Babban aikin raya daji da aka yi a ƙasar nan ba don baƙo aka yi shi ba. Sassaben zamani nake nufi, wanda ya kankama a nan Maraɗi tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba matattu ba ne, aka shiga barin tohonsu ana gyara shi maimakon a ƙone. Manoma suka ɗauka suka yaɗa da kansu, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Yau mutane daga wasu ƙasashe suna zuwa ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye domin su ga gawo da kalgo a tsakiyar gero. Masu wurin suka fara gyara abinsu don cikinsu, baƙo ya biyo baya. Inda aka juya wannan tsari, aka gyara don baƙo, ban ga ya daɗe ba.

Hajiyar Bakin Tafki ta amsa:

Sallama gare ku duka. Ɗana ne ya nuna mini wannan zance a wayarsa, na ce ya rubuta mini abin da zan faɗa yadda na faɗe shi. Ni haifaffiyar Madarunfa ce, sana'ata bandar kifi da suyarsa, ita na gada kuma da ita na aurar da ƴaƴana.

Baba na gandun daji ya yi gaskiya da ya ce mai ziyara yana dawowa, amma ina roƙon ya bar ni in ƙara masa abin da ba a gani daga ofis. Yana dawowa, sai dai sau da yawa da kulolinsa yake zuwa. An dafa shinkafa a birni, an sayo ruwa a birni, har gawayin shayi daga birni, sannan motar ta birni ce. Abin da ya rage mana shi ne mu ba da tabarma, mu buɗe bayan gidanmu ga mata, mu ba da ruwan alwala daga randar da yarinya ta cika tun asuba. Ba ma ƙi, domin baƙon waliyyai baƙonmu ne, kuma iyayenmu ba su koya mana rufe ƙofa ba. Amma idan mota uku ta tashi, abin da take bari shi ne toka, leda da rassan da aka karya aka hura wuta. Akuyata ɗaya ta mutu, da aka farka cikinta leda aka tarar a dunƙule kamar ƙwallo.

Shekara biyu da suka wuce wani mai shirya tafiye-tafiye ya aiko mini cewa zai kawo jama'a ranar Juma'a, in tanadi karfasa da tarwaɗa na mutum arba'in. Na karɓi kifi bashi a hannun masunta, na kwana a gaban wuta. Suka iso, ashe sun tsaya a hanya sun ci, ya ce mini in yi haƙuri, Allah Ya ba da lada. Na yi asarar sama da jika goma sha biyar, kuma masunci ba ya karɓar lada a madadin kuɗinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa.

Akwai abu biyu kuma da suke damuna fiye da kuɗi. Na farko, masu ɗibar ƙasar kabari a ƙulle a leda don neman albarka. Ɗaya ya ɗiba, ɗari su ɗiba, har gefen kabari ya zaizaye. Malamai su ne za su faɗi hukuncinsa, ni dai na san hannu ne yake rage shi. Na biyu, masu watsa wa yara kuɗi ta tagar mota. Yaron da ya samu dala ashirin a haka, gobe ba zai je makaranta ba, bakin hanya zai tsaya yana jiran wata motar. Wanda yake son yin sadaka ya nemi limami ko mai unguwa, sun san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Malam mai tambaya, ka ce ɗalibanka sun yi dariya. Kada ka riƙe su da wannan, yara ne. Ka dawo da su, amma ka zo da yunwarku, kada ka zo da kula. Ku ci a wurinmu, ku biya mai kwalekwale, ku nemi dattijon da ya san tarihin kowane kabari ku sallame shi da abin kirki. Da ɗan gari akan ci gari.

Alhaji Direba ya amsa:

Ni tuƙi ne sana'ata, kuma na sha kai jama'a Maulidi a Kiyota, garin Shehu Abubakar Hashim a jihar Doso, na kai wasu Hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato, sau ɗaya kuma na bi ayari har Kaulaha a Senegal. Abin da zan ce gajere ne. Ta fuskar mai, babbar mota cike da mutum sittin ta fi ƙananan motoci goma sauƙi ga aljihu da ga iska, kuma masu ziyara sun riga kowa sanin wannan saboda talauci ya koya musu. Suna kwana a gidajen mutane da makarantu, ba a gina musu komai na musamman. Inda abin yake ɓaci shi ne ruwa da makewayi, domin garin da aka gina don dubu kaɗan ba ya ɗaukar ninkin-ba-ninkinsu a dare ɗaya ba tare da an yi tanadi ba.

Hajiya, ina neman afuwa a madadin abokan sana'ata, domin tsayawar cin abinci a hanya sau da yawa mu direbobi ne muke jawo ta, muna da masu abincin da muka saba da su.

Game da nisa kuwa, Malam, kuɗin da zai kai yaro ɗaya Kiyota ya dawo zai kai yara da yawa Madarunfa, wadda ba ta wuce tafiyar kilomita ashirin da ƴan kai ba. Ga Tibiri nan kusa da fadar Sarkin Gobir, wadda yawancin yaran birni ba su taɓa shiga ba. Idan sun girma sa je nesa da kuɗinsu. Na daɗe da ajiye buhu biyu na zuba shara a bayan kujerar ƙarshe, kuma ba na tayar da mota sai sun cika.

Malamin Zariya ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa abokan aikina amsoshinku jiya bayan la'asar, kuma mun tsaya a kan Madarunfa, amma za mu raba yaran gida biyu, Asabar biyu a jere, maimakon mu sauke su duka a rana ɗaya. Kowane yaro zai zo da gorarsa ta ruwa. Kuɗin da muka saba kashewa a kan shinkafa a nan za mu riƙe shi mu kashe a can. Wani abokin aikina bai gamsu ba, yana ganin tsadar za ta ƙaru kuma iyaye za su yi ƙorafi, ni ma ban ce ba shi da hujja ba. Baba na gandun daji, idan lafiya ta bari, muna roƙon ka raka mu ka nuna wa yara bambancin dinya da sauran tsuntsayen ruwa, domin ni kaina balbela da shamuwa kaɗai na sani. Hajiya, yara ashirin da biyar ne kowane zuwa, da malamai uku. Yaya za mu yi da maganar kifi?

Hajiyar Bakin Tafki ta amsa:

Malam, ka aiko da rabin kuɗin tun ranar Laraba ta hannun direban da zai kawo ku, sauran kuma idan kun ci. Ku iso kafin rana ta yi zafi, domin masu kwalekwale suna fita da sassafe, kuma ba a ɗaukar yara fiye da abin da mai jirgi ya ce. Dattijon da ya yi maka maganar leda ina jin na gane shi, zan sa a gaya masa kuna tafe.